Ba Zan Gyara Musu Mashin Ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin a ɓoye sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara.

Ni bakanike ne, gyaran mashin nake yi a wani ƙauye a yankin Roni. Baffana ne ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina, da ɗansa muka tashi, kwano ɗaya muke ci. Shekarun baya ɗan nasa ya shige daji can ɓangaren Katsina, kowa ya san satar shanu suke yi, amma a gida sai a ce ya tafi cirani.

Bayan Sallah sai ga shi a garejina da rana tsaka, ya tara gemu, tare da wani mutum da Hausarsa ba irin tamu ba ce, ba kuma irin ta 'yan Nijar da muke cin kasuwa da su ba. Wai sun tuba, yanzu sun haɗe da wasu malamai da suka tsallako daga ƙasashen waje, su suna kawo makamai, yaran daji kuma suna nuna musu hanya. Wai abin da suke karɓa yanzu zakka ce. So yake a riƙa kawo min mashinansu ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa, tunda ba wanda zai zargi gareji.

Na ce masa ɓarawo ko ya naɗa rawani ɓarawo ne. Na tuna masa maigidana da ya koya min sana'a, irinsu ne suka harbe shi a hanyar kasuwa. Baƙon bai ɗaga murya ba, sai kawai ya tambaye ni wace makaranta 'yata take zuwa. Duk da haka na ce su bar min gareji.

Da na faɗa wa Baffa sai ya fashe da kuka, ya ce in na kai maganar gaba to ni na kashe masa ɗa, kada in zo jana'izarsa. Matata kuma ta ce mu tattara mu koma Kano. Ni ba inda zan je, a garin nan aka yanke min cibiya, kuma ko taya ba zan ɗaura musu ba. In na yi shiru, gobe wani bakanike za su samu.

Niyyata in je wajen hakimi da jami'an tsaro, tsorona kada maganar ta isa daji tun kafin in dawo gida. Wa zan fara samu? In fara kai yarinyar Kazaure wajen kakarta? Wanda zai ce in yi shiru saboda zumunci ya riƙe shawararsa. Ku dai gaya min yadda zan sake haɗa ido da Baffa.