"Sai Mu Gani" a Erdington

Maman Bethany,

Na fita kina barci. Ranar da maƙwabcinmu Graham ya roƙe ni in taimaka a tseren karnukansu, na ce masa "we shall see", wato "sai mu gani". A can ƙasarmu kowa ya san a'a ke nan. Shi kuwa sai ya rubuta sunana.

Na nemi riƙon agogo, wai aikin staff ne. Volunteer irina kuwa, aikinsa kamun kare in ya gama bin ledar da inji ke ja. Ni da ke tsallake titi in na hango kare.

A motarsa za mu je, har Manchester, sai ya tashi zan dawo. Waƙar Bethany a coci ta wuce ni. Ki ba ta haƙuri. In ta tambaya ko zan iso, kada ki ce "sai mu gani". Haihuwar ƙasar nan ce, za ta jira.

Tomas