Giɓin Hagu da Giɓin Dama

Zuwa ga Yayata abar girmamawa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan takardar nan za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki da yara. Na ji an ce gwiwar Inna ta yi sauƙi har ta koma hawa bene ba sanda. Na yi murna, ko da yake ina shakkar likitan ƙashinta ya san da wannan ci gaba. Allah Ya ƙara mata lafiya. Mu ma nan ƙalau muke. Autarmu haƙorinta na girgiɗi, amma ta ce ba za ta buɗe wa soja irina baki ba, sai dai mamanta.

Kin yi ƙorafin ban zo hutu ba kuma ban faɗi dalili ba, kin ce sai an sa ƙugiya ake ciro magana daga bakina. Kina da gaskiya. Dalilin shi ne gobarar da ta tashi a wata masana'antar fenti, inda mutane da dama suka rasu. Rundunarmu ta tura mu, likitocin haƙori huɗu, mu taimaka a gane su. Wuta takan ɓata fuska da zanen yatsu, amma haƙori yakan jure. A wani ɗaki mai sanyi a bayan asibiti muka yi mako uku, muna ɗaukar hoton haƙoran kowane mamaci, muna gwada shi a kan allon haske da tsohon hoton da dangi suka samo.

Wata dattijuwa, tela ce, tana zuwa kullum ta zauna a bencin baranda. An riga an yi mata ta'aziyyar ɗanta, domin an sami mabuɗin akwatin kayansa, mai lambarsa, a jikin wata gawa. Sa hannuna kawai ake jira a ba ta gawar. Da na duba, sai na ga tsohon hoton ɗan yana da giɓin haƙorin turmi a hagu, gawar kuwa a dama. Abokin aikina, wanda muke kira Gaggawa, ya ce an juya hoton ne baya da gaba, kuskuren da kowannenmu ya taɓa yi. Sai dai irin wannan hoto yana da ɗan tudu a kusurwa mai nuna fuskarsa. Na shafa shi da yatsa, na ji daidai yake zaune. Na ƙi sa hannu. Babban jami'inmu ya ce ina ƙara wa uwa azaba saboda haƙori ɗaya. Na amsa cewa gara jinkiri da a ba ta ɗan wata.

Abin da ya fi mini nauyi shi ne yadda zan gaya mata. Ba ni da ikon cewa ɗanta yana raye. Iyakar sanina, wannan ba shi ba ne. Haka na faɗa, ban ƙara ba. Ta dube ni, ta ce giɓin a hagu yake, babu tantama, domin da haƙorin ya buɗe kwalba ya fashe, kuma shekara tara tana yi masa gori a kai.

Bayan kwana biyu aka same shi a wani asibiti, cikin waɗanda aka kwantar ba suna, hayaƙi ya hana shi magana. Ashe ya ara wa abokinsa mabuɗin ne da safiyar ranar. Shi ma abokin mun tabbatar da shi, danginsa suka karɓe shi da sunansa. Allah Ya jiƙansa. Dattijuwar ta dawo har ƙofar ɗakinmu. Ta ce ta janye gorin kwalba gaba ɗaya, kuma ko ya nemi a cike giɓin nan, kada wani likita ya kuskura. Sannan ta auna kafaɗata da ido, ta ce duk wanda ya ɗinka mini wannan kaki bai ji tsoron Allah ba. Gaggawa ya yi dariya har ya nemi kujera. Ranar Asabar saurayin ya koma gida da ƙafafunsa.

Ki gaishe mini da Inna, da Kawu Dogo, da Gwaggo Ƙarama, da maigidanki, da ɗanki Sarkin Surutu da ƙannensa. Maman yara tana gaishe ki ƙwarai. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Likitan Inna