Kastanar Hamad

Asabar, 8 ga Oktoba, 1994
Kafilina Hamad, Balaraben da ya tsaya min nake zaune a ƙasarsu, ya dawo daga Landan da ƙwayoyin itace biyar, jajaye masu sheƙi kamar goro. Wai kastana, amma irin wadda ba a ci. Ya ga furenta a can, dole ta yi fure a lambunsa na Ruwais. Na ce, "Ya ammi, baffana, wannan itacen ƙasar sanyi ne." Ya ce, "Ka raya min ita, Muntaka, sannan mu yi maganar iƙamarka." Shekara goma sha ɗaya ina yi masa ban ruwa, yau takardar zamana ta rataya a kan abin da ko akuya ba ta ci!

Litinin, 10 ga Oktoba
Wai sai sun yi wata uku a firij cikin yashi kafin a shuka. Ni kuwa ɗakina ko fanka mai kirki babu.

Lahadi, 15 ga Janairu, 1995
Luba mai girki ta gasa biyu, ta ɗanɗana ta tofar, har tana tsine wa Turawa. Biyu sun ruɓe. Na shuka ta ƙarshen a tukunya, raina a ɓace.

Laraba, 1 ga Maris
Ta tsiro. Ganyen kamar tafin hannu. Ina ruwana.

Litinin, 1 ga Mayu
Bakin ganyen ya ƙone. An mai da ita falo gaban kandishan, tana shan ruwan kwalba, ni ina shan na tanki mai gishiri. Baƙuwa ce, ni ma baƙo ne, amma ita aka yi wa shimfiɗa. Haushi kamar ya kashe ni.

Talata, 20 ga Yuni
An sabunta iƙama. Ashe ya ma manta sharaɗin da ya kafa min! Wata takwas ina fargaba a banza. Ya kalli tukunyar, ganye uku suka rage, ya ce, "Halas, shi ke nan, ba ta dace da garin nan ba. Yalla, maza zubar." Haka kawai. Wata rana ni ma haka za a ce.

Juma'a, 7 ga Yuli
Ban samu sukunin zubarwa ba, aiki ya yi yawa. Tana ɗakina, na juya mata fankar. Na sayi ruwan kwalba, ni na saya wa kaina, rabi kawai take sha. Luba ta leƙo ta ce, "Yaya, don me kake ajiyarta?" Na ce tukunyar nake so.

Akwai wani ɗan toho a ƙasa. Sau biyu kawai na duba.