Sikelin Awo Ya Kusa Raba Ladi da Nono

Daren Laraba, Zuru. A waya nake faɗa, tunda ban iya rubutu ba.

Yau na kai 'yata Ladi awo, wai sikeli ya nuna ta rame, yarinya wata huɗu. Inna, uwar mijina, ta ce, "Nononki ne ya ɓaci, gobe a cire ta, a koma koko." Na fashe da kuka a kan benci.

Sai malamar asibiti ta lura duk yaran yau sun ragu, ta kira mai gyara. Ya buɗe sikelin, ya nuna mana wani ɗan abu kamar ƙwayar dawa. Wai aikinsa riƙe wuta daidai, kada ta hau, kada ta sauka, da shi sikelin ke gane nauyi.

"Ya lalace, ƙanwata," in ji shi. "Kamar a auna miki hatsi da mudun da ya lanƙwashe."

Ya sa sabo, ya gwada da ƙarfen da ya san nauyinsa. Aka sake ɗora Ladi. Ashe ƙaruwa ta yi!

Inna ta miƙo mini ita, ta ce, "To ba ta mana, ba ki ji tana kuka?"