Saura Mita Sittin

Zuwa ga Babana,

Ina gaishe ka da girmamawa, ina kuma tambayar jiki. Yaya gwiwar nan taka? Ina fatan kana shan magani da kanka, ba sai Yaya ta tsaya a kanka ba. Tunda kunnen ya ƙi waya, ga takarda. Na ƙara girman rubutun saboda idon.

Baba, raina a ɓace yake, kuma kai kaɗai za ka gane dalili, kai da ka yi shekara talatin kana jan tef kana awon filaye.

Akwai wata yarinya a ajina na kimiyya, muna ce mata 'Yar Tela. Shekarunta goma sha biyu. Shan inna ya taɓa mata ƙafar hagu tun tana goye, da sanduna biyu take tafiya. Kanta kuwa ya fi na duk ajin ja, har da nawa a wasu ranakun. Da motar makaranta take zuwa. Farkon zangon nan ofishin ilimi ya fito da doka: sai wanda gidansu ya kai kilomita uku daga makaranta zai shiga mota. Aka cire sunanta. Yanzu sai darasin farko ya ƙare take isowa, jiƙe da gumi, sandar ta goge mata hammata har ta yi ciwo. Shekaranjiya mahaifinta ya zo, tef ɗin ɗinki rataye a wuyansa, ya ce ba zai ci gaba da kallon wannan wahala ba. In wata ya ƙare ba a mayar da ita motar ba, zai zaunar da ita a shago ta riƙa sa maɓalli. Ban ga laifinsa ba. Amma kan nan ba na maɓalli ba ne.

Na je ofishin. Na tarar da wani matashi a bayan tebur, ga taswira, ga rula. Na sa masa suna Mai Rula. Ya ɗora rular daga ƙofar makaranta zuwa gidan tela, ya ja layi a miƙe, ya ce kilomita ɗaya da mita ɗari takwas. Layin nasa ya ratsa katangar masana'anta, ya tsallake layin dogo, ya bi ta cikin ɗakunan mutane. Na tambaye shi ko yarinyar tsuntsuwa ce. Ya ce dokar ba ta ambaci gurguwa ba, kuma shi da lamba yake aiki. Na ce ni ma, kuma na riga shi farawa da shekara ashirin. Abin da nake koya wa 'yan aji ɗaya ke nan: tazarar da ke tsakanin wuri biyu daban, nisan hanyar da ƙafa ke bi daban. Ya ce in kawo masa awon hanyar a rubuce, in ya kai uku zai sa hannu.

To, zan kawo masa. Ka gaida Yaya, ka ce mata zan zo in an yi hutu.

'Yarka,
Barkono


Babana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan wannan ta same ka cikin sauƙi. Yaya ta ce ka fara fita ƙofar gida da yamma, na ji daɗi.

Mun yi awon, kuma tun daga ranar abinci ba ya yi mini daɗi.

Na ari keken mai gadi. Muka ɗaura jan ƙyalle a tayar gaba, muka yi alama da alli a barandar aji, muka gangara tayar zagaye ɗaya, muka auna: mita biyu da santimita goma. Sau uku muka maimaita, yadda ka koya mini. Na sa an ƙara wa tayar iska kafin nan, don kada laushinta ya cuce mu. Ranar da babu karatu na ɗebi 'yan mata shida. Ni ke tura keken, biyu na ƙirga dawowar ƙyallen, ɗaya na jefa tsakuwa a gwangwani duk zagaye ɗari. 'Yar Tela na ce ta huta a gida, ba sai ta wahala ba.

Muka bi bayan masana'anta, muka ɗaga keken muka hau gadar sama ta kan layin dogo, muka auna gadar da tef, muka sauka ta layin makanikai. Makanikan suka yi ta yi mini tsiya, wai Malama ta sayi keke ba ta iya hawa ba. Na ce musu su ma shekara nawa suna gyaran mota ba su da ko ɗaya. Muka rabu ana dariya.

A ƙofar tela na yi lissafi. Duka da gadar, daidai da zagaye dubu ɗaya da ɗari huɗu. Mita dubu biyu da ɗari tara da arba'in. Saura mita sittin, Baba. Tsawon katangar makarantarmu ya fi haka.

Wata cikin yaran ta ce mu ƙara tsakuwa ɗaya a gwangwanin, wa zai sani. Na yi mata faɗa sosai, alhali abin da ta faɗa shi ne a raina. Ba zan ɓoye maka ba, na rubuta dubu uku da goma a takarda, na zauna ina kallonta. Mai Rula ba zai taɓa tashi daga kujerarsa ya duba ba. Sai na tuna ranar da wani mai fili ya roƙe ka ka saki tef ɗin ya ɗan yi ciki, ka naɗe kayanka muka dawo gida a ƙafa. Na yaga takardar, na kuma ji haushinka, na ji haushin kaina. Me gaskiyar lamba za ta amfana wa yarinyar da hammatarta ke jini?

Saura kwana goma sha ɗaya wata ya ƙare. Ka faɗa mini abin da zan yi. In ka ce in ƙara, zan ƙara.

Taka mai jiran amsa,
Barkono


Baba,

Ina gaisuwa, ina kuma godiya. Amsarka ta iso, na gane hannun Yaya amma maganar taka ce. Allah Ya ƙara maka lafiya da nisan kwana.

Na yi tsammanin nasiha shafi biyu. Sai na ga layi uku. Ka tambayi minti nawa muka yi a hanya, minti nawa yarinyar ke yi, sannan ka ce ƙafar wa na auna.

Da farko na yi tsaki, na ce tsufa ya fara taɓa Baba. Sai na ɗauki alƙalami. Mu da ɗaga keke da faɗa da makanikai, minti hamsin muka yi. Ita tela ya ce awa ɗaya da minti arba'in take yi. Na san tafiyarta, kullum ina ganinta daga aji zuwa famfo, mita ɗari a minti uku. In haka ne, hanyarmu bai kamata ta kai ta awa ɗaya da rabi ba. Ina sauran mintuna goma sha biyun suke tafiya?

Na kira 'Yar Tela lokacin hutun tara. Na ce ta zana mini hanyarta a allo. Ta zana bayan masana'anta, ta iso gadar sama, sai allin ya wuce gadar. Matakala arba'in da biyu ce, Baba. Ni na ƙirga su da kaina ranar awo, ina haki, kuma ko sau ɗaya ban tambayi kaina yadda mai sanduna biyu za ta hau su ba. Ba ta taɓa hawa ba. Gaba take yi har mahaɗar da motoci ke tsallaka layin dogo, ta tsallaka, ta dawo. Na ce me ya sa ba ta faɗa ba. Ta ce ai na ce ta huta a gida.

Na zagi Mai Rula a gaban shugabar makaranta, na zage shi a ɗakin malamai, na zage shi a wasiƙa zuwa gare ka. Shi ya auna hanyar tsuntsu, ni na auna hanyar mai ƙafa biyu lafiyayyu. Bambancina da shi kawai na fi shi baki.

Na koma ofishin, wannan karon ban ɗaga murya ba, abin da ya ba shi tsoro fiye da faɗan. Na ce ba zan kawo masa takarda ba, ya zo ya ƙirga da kansa. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya ce sunaye ɗari huɗu aka zube masa, aka ba shi kwana biyu da rula ɗaya. Na ji tausayinsa kaɗan. Kaɗan na ce. Ya yarda zai zo jibi.

Ka sa mu a addu'a.

'Yarka,
Barkono


Babana abin alfaharina,

Gaisuwa da fatan alheri. Yaya gwiwa? Ka zauna sosai kafin Yaya ta karanta maka wannan.

Mai Rula ya zo, da takalmi mai tsini, kamar mai zuwa ɗaurin aure. Na ba shi keken ya tura, na ba shi gwangwanin tsakuwa. 'Yar Tela ta shige gaba, muka bi ta a baya, da sharaɗin ba wanda zai wuce ta. Ban taɓa yin tafiya a hankali haka ba. A wannan saurin mutum yana ganin kowane rami, da kowace kwata da sai ta tsaya ta auna da ido kafin ta jefa sanda. Da muka iso gindin gadar ya tsaya, ya ɗaga kai ya kalli matakalar, ya kalli sandunan. Sannan ya ci gaba da turawa. Makanikai suka ce yau Malama ta samu direba. Ko murmushi bai yi ba, bakinsa na motsi yana ƙirga.

Zagaye dubu ɗaya da ɗari shida da ashirin. Ya zaro wayarsa zai buga lissafi, yarinyar ta riga shi da ka: mita dubu uku da ɗari huɗu da biyu. Ya duba wayar, ya dube ta. A kan teburin yankan tela ya sa hannu, tsaye, ƙafarsa ɗaya a waje da takalmin saboda ta yi bororo. Tela kuwa sai ya ce Mai Rula ya kawo masa wandon da ke jikinsa ya rage masa tsawo kyauta.

Kafin Mai Rula ya tafi ya tambaye ni yadda ake auna lanƙwasasshiyar hanya a taswira. Na karɓi zare a wurin tela, na kwantar da shi a kan hanyar kwana bayan kwana, na miƙe shi a jikin rular tasa. Ya sa zaren a aljihu. Ya ce akwai sauran sunaye ɗari uku da casa'in da tara. Na ce zare ba ya ganin matakala, ya riƙa tambayar masu ƙafar.

Jiya na shiga aji ƙarfe takwas saura, na same ta zaune a layin gaba, sandunan jingine da bango, rigarta a bushe. Mako bakwai rabon da ta ji farkon darasina. Na juya wajen allo na daɗe ina goge abin da babu, don kada su ga fuskata.

Jan ƙyallen yana cikin ambulan ɗin nan. Naka ne, kai ka yi awon daga kan kujerarka. Ka gaida Yaya.

'Yarka da har yanzu take koyo,
Barkono