Jan Karammiskin Apa

Bishkek, 4 ga Satumba

Burul eje, yayata,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar taki, ya maigida da yara? Ni lafiya lau.

A gidan opera, inda ake wasan kwaikwayo da waƙa, an ba ni ɗinkin kayan sabon wasa, amma babu kuɗin yadi. Darakta cewa ya yi, "Kunduz, tsofaffin labule sun ƙare ne?" Labulen sun ishi sojoji da barori. Saura alkyabbar sarauniya. Na roƙi matan amshi su kawo jirtish ɗinsu, ƙyallayen nan da ake rabawa a jana'izar tsofaffi, in harhaɗa. Sun kawo, sai dai babu ja, kuma daga kujerun baya ja kaɗai ido ke kamawa.

Na san jan karammiskin jana'izar Apa, mahaifiyarmu, yana akwatinki, kin ajiye don bargon jikanki na fari. Ki ara mini. Almakashi ba zai taɓa shi ba, zan dawo miki da shi yadda yake. Wataƙila bai kamata in tambaya ba.

Ƙanwarki,
Kunduz

Bishkek, 20 ga Oktoba

Burul eje,

Ina gaishe ku duka. Ya sanyin Naryn? Direba ya kawo karammiskin da busasshen cuku, na gode. Na ɗora shi a ƙirjin alkyabbar, wasa kuma ya karɓu.

Abu ɗaya ne ban yi tunaninsa ba. Kowa ya san ƙyallayen nan na masu tsawon rai ne, ana ɗinka wa jarirai don su ma su yi tsawon rai. Bayan kowane wasa sai in tarar bakin alkyabbar ya ragu. Matan amshi ne da 'yan almakashinsu, kowacce da jariri a dangi. Na koma kulle ta a kabad, na ɗauka shi ke nan.

Ranar Asabar Meerim, mai fitowa a sarauniya, ta miƙo mini alkyabbar da rami a ƙirji kamar tafin hannu. Ta ce, "Kunduz eje, kar ki nemi kowa, ni ce. Biyu na binne, ga na uku a cikina. An ce mahaifiyarku ta haura casa'in. Kai ni gun darakta in kin ga dama."

Ban kai ta ba, ban kuma karɓe ƙyallen ba. Na toshe ramin da labule. Ko daidai na yi ban sani ba, tunda kayan ba nawa ba ne.

Ragowar na nan tafe da direban Laraba. Na auna, zai yi tsakiyar bargo in an ninke. In faɗa za ki yi, ni za ki yi wa. Meerim a Maris za ta haihu.

Ki gaida maigida.

Ƙanwarki,
Kunduz