Tankin da Ba Ya Yoyo

Birnin Kudu,
Ranar Laraba.

Zuwa ga aminina Yahuza,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Khairiyya da yara. Ya kasuwa? Ni dai ina gadon asibiti. Alhamdu lillahi hannun dama ya tsira, shi ya sa ka ga rubutuna.

Dole in yaba tsohon babur ɗin malaman gonan nan da ka sayar mini. Ba ka yi ƙarya ba: dogo kamar raƙumi, tayoyi masu haƙora, kwalta tasa, jeji nasa. Ƙararsa kuwa tana riga shi shiga gari.

Ran Lahadi na yanki hanyar gonaki zuwa wani ƙauye bayan Fagam sayen riɗi, na naɗe ƙarfen sikelina a buhu na rataya a baya. Ashe kwanan baya 'yan bindiga sun ɗauke musu mutum, a kan irin wannan babur. A bakin gari ya mace mini. Ina ta fama in tayar da shi, sai gora a ƙeya.

Yahuza, na daku. Sun fasa mini kai, sun karya mini haƙarƙari, wani ya sare ni da barandami a cinya. Ina ihun sikeli ne, amma wanda ya riga ya ga bindiga ba ya kwance buhu. Suka rataya mini taya a wuya. Wani ya kwantar da babur zai tsiyayi fetur, ya jijjiga tanki, ko ɗigo babu. Duk ya yoye a hanya. Aka ruga saye wajen 'yan bumburutu.

Ina kwance cikin jini ina jera rantsuwa, sai Inna Kulu, tsohuwar da nake sayen riɗi wurinta, ta kutso. Fuska ta kumbura ba ta shaida ta ba, amma ta ce wannan rantsuwar ta san ta, da ita nake karya mata farashi duk kaka. Ta kwance buhun da hannunta. Mai fetur ya iso ya tarar ana ba ni ruwa.

Ka gaida Baba, kada ka faɗa masa tukuna. Na bar ku lafiya.

Naka,
Ɗan'azumi.

Af, na manta. Ka tuna ka rantse mini tankin nan ba ya yoyo? To yanzu Allah ya isa zan aiko maka, ko goro?